Hot rod: in haɗa da hannuna ko in sayi wadda aka gama?

Ɗan_Fagge_Ohio:

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu harkar mota da ke nan Amurka. Dan Allah shawara nake nema, don abin nan ya hana ni sukuni tun watan Yuli da na je baje kolin motoci na Goodguys da ake yi a nan Columbus. Ga wanda bai san harkar ba, hot rod tsohuwar motar Amurka ce, yawanci Ford ta wajen 1923 zuwa 1940, sai a cire mata duk wani nauyin da ba dole ba, a sassauto da ita ƙasa, wani lokacin a rage tsayin rufin, sannan a ɗora mata ƙaton inji V8, wato mai silinda takwas, wanda kana jin rugugin shi tun daga nesa. Wallahi inaso in mallaki ɗaya kafin ƙarfina ya tafi.

Na tara wajen dala dubu 28 saboda wannan. Garejin gidan da nake haya mota ɗaya yake ci. Aikina tuƙin tirela ne, sai ƙarshen mako nake gida, ina da mata da yara uku. Ina yaro na zauna a garejin kawuna a Kano, don haka na iya sauke inji in mayar, na iya gyaran kafireto da birki, amma ban iya walda ba, ban taɓa fenti ba.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Akwai wani dattijo a Indiana mai Ford Model A ta 1930, mai ƙofa biyu, ya fara aikin ya bari, bodi da casis da kwalaye cike da kaya, yana neman dubu 7, sai dai ba shi da takardar mallaka, ya ce rasit kawai zai rubuta min. Sai kuma wata Ford 1934 bodin faiba a Kentucky, an haɗa ta tun shekarun 1990, injin Chevrolet 350, giya otomatik, tana tafiya, takardunta cikakku, dubu 26. Zuciyata na kan ta Indiana don inaso in ce ni na haɗa, amma ina tsoron kar in zuba kuɗin iyali a rami. Me kuka gani?

Bakanike_Houston:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai zan gaya maka gaskiya yadda zan gaya wa ɗan cikina, ka sayi wadda take tafiya. Ba lallai sai ta Kentucky ba, amma wadda za ka murɗa makulli ta tashi, kuma takardarta na hannunka.

Dubu 7 ɗin nan da kake gani kuɗin shiga ne kawai. Model A da inji mai silinda huɗu ta fito, ƙarfin doki 40, casis ɗinta ba a yi shi don ɗaukar V8 ba, dole sai an rufe cikinsa da ƙarfe an yi masa walda daga gaba har baya ko kuma ka sayi sabo dungurungum. Birkinta na sanda ne, Ford bai koma birkin mai ba sai 1939, kenan duk birki sabo za ka sa. Sai aksul na baya, mutane sun fi sa Ford 9-inch saboda ƙwari, shima sai an rage faɗinsa ya dace da motar. Sai sitiyari, lagireto, tankin mai, wayarin tun daga batir har fitilar baya, gilasai, kujeru, salansa, tayoyi. Kowanne in ka duba shi kaɗai sai ka ce ai ba tsada, in ka haɗa su sai ka ga dubu 28 ɗin ta narke ba ka je ga fenti ba. Kuma fenti shi ne mai karya mutane, don ba fesawar ba ce aikin, gogewa da cike da daidaita bodin ne ke cin ɗaruruwan awoyi.

Abin da ke ruɗin mu 'yan gida shi ne mun saba lissafi irin na can, inda kaya ke da tsada amma aikin hannu araha, ka kira mai walda ya yi maka wuni guda ka sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. A nan akasin haka ne. Shagon da ya ƙware a irin waɗannan motoci ba wuya ya caje ka sama da dala 100 a awa ɗaya, kuma yankan rufi kaɗai ba aikin kwana ɗaya ba ne. Duk abin da ba ka iya da hannunka ba, da wannan farashin za ka saye shi. Kai kuma ka ce ba ka iya walda ba, alhali rabin aikin Model A ɗin nan walda ne.

Shi ya sa kowa a harkar ya san wanda ya haɗa mota in ya zo sayarwa da wuya ya mayar da abin da ya kashe, mai saye shi ke cin gajiyar gumin wancan. To me zai hana ka zama mai sayen?

Sannan ka tambayi kanka me ya sa dattijon ya bari. Irin waɗannan motocin sun cika garejin mutane a ƙasar nan, kamar ginin da muke farawa a gida ya tsaya a linta shekara goma, ruwa na dukan bulo, mai shi na cewa baɗi in sha Allahu. Mutum mai ritaya da ke gida kullum ya kasa, kai da ke kan titi Litinin zuwa Juma'a fa?

Maganar takarda kuma ita ce ta fi damuna. Ohio ba ta yi wa mota rajista da rasit kawai. In za ka bi ta hanyar motar da mutum ya haɗa da kansa, sai 'yan sandan babbar hanya na jihar sun duba ta, kuma za su nemi rasit na manyan kayan da ka sa. Kwalayen dattijon nan akwai rasit ɗinsu? Lambar Model A a jikin inji take, sai kuma a saman casis inda bodi ke rufewa, in injin asali ya tafi sai an ɗaga bodi kafin a ga lambar, in ma tsatsa bata cinye ta ba. Kar ka sa sisi sai ka san ta inda takarda za ta fito.

Abu_Sadiq_Detroit:

Malam, da girmamawa, duk abin da ka faɗa na kuɗi haka yake, ba musu. Amma ni ina ganin an bar wani abu a baya, kuma shi ne ma abin da ɗan uwan ya faɗa da bakinsa, yana so ya ce shi ya haɗa. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne, asalin abin kenan. Samarin kudancin Kalifoniya da suka fara a shekarun 1930 ba masu kuɗi ba ne, Model T da Model A suka tsinta da araha saboda Ford ya yi su miliyoyi, suka cire murfin tayoyi da duk wani tarkace suka tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage suna gwada gudu. A 1932 Ford ya fito da V8 ɗin nan da ake kira flathead saboda kansa a shimfiɗe yake, mai ƙarfin doki 65, a mota mai araha, daga nan aka fara cusa shi a Model A. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo da ilimin kanikanci da walda da suka koya a soja, abin ya bunƙasa, mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren hot rod ta NHRA a 1951 don a ɗauke tseren daga kan titi a kai shi fili. Duk tarihin nan na mutanen da suka yi da hannunsu ne a bayan gida. In ka je taro aka tambaye ka wane irin aksul ne a gaba, me ya sa ka zaɓi wannan giyar, akwai daɗin da mai haɗawa ke ji wanda mai saye bazai taɓa ji ba.

Ni na haɗa tawa, T-bucket ce, wato 'yar buɗaɗɗiyar mota mai siffar Model T, bodin 1923 na faiba, kuma ban iya walda ba sanda na fara, ajin yamma na shiga a wata kwalejin koyon sana'a. Mutumin da ya iya sauke inji zai koyi walda, ba tsafi ba ne. Sai dai wuraren da rai ya rataya a kansu, maƙalan aksul da na sitiyari, waɗannan ƙwararre na kai wa, kuma haka nake ba kowa shawara.

Wani abu kuma da ya shafe mu musulmi. In ka sayi ta dubu 26 saura dubu 2 a hannunka, ga haraji, ga kuɗin ɗauko ta, ga inshora, sannan motar da aka haɗa a shekarun 1990 dole akwai abin da ya gaji a jikinta. Nan ne mutum ke faɗawa katin bashi da ruwa a kai. Haɗawa kuwa a hankali kake biya, wannan watan birki, wata mai zuwa lagireto, in ba kuɗi ka dakata, ba wanda ke bin ka.

Inda na yarda da Malam ɗari bisa ɗari shi ne ta Indiana, ka rabu da ita. Aikin da wani ya fara ya bari ya fi sabon aiki wuya, don sai ka warware nasa kafin ka fara naka, kuma ba ka san wace walda ce ya yi daidai ba. In haɗawa za ka yi ka fara da sabon casis da aka yi don V8. Speedway Motors da ke Lincoln a Nebraska suna nan tun 1952, suna sayar da kayan T-bucket kusan komai da komai. Factory Five a Massachusetts suna da samfurin Ford 1933 da ke zuwa da casis an gama waldarsa, kai ɗaurin noti ne naka da nemo inji da giya. In bodin ƙarfe kake so dole, Brookville Roadster na nan jiharku suna buga sabon bodin Model A da na 1932, sai dai aljihu zai ji. Ribar wannan hanyar ita ce komai da rasit ɗinsa, ranar duba mota ba ka da fargaba.

Inji kuma kar ka bari son tarihi ya ja ka ga flathead a motarka ta farko. Yana da kyau a ido, sautinsa ba irinsa, amma hanyar hayaƙinsa ta cikin bulok take bi shi ya sa yake saurin zafi, da yawansu bulok ɗin ya tsage, kayansa kuma tsada. Ƙaramin V8 na Chevrolet tun 1955 ake yin sa, 350 ɗin ya zo a 1967, kowane shagon kayan mota a kowane ƙauyen Amurka akwai kayansa. Ko ka je wurin 'yan gwangwan ka ciro injin V8 mai lita 5.3 daga tsohuwar Chevrolet Silverado ko Tahoe, araha ga ƙarfi, sai dai shi akwai kwamfuta da wayoyi da za ka zauna ka koya.

Maman_Hanifa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanikiya ba ce, a harkar inshora nake aiki, kuma maigidana na da irin wannan ciwon na tsoffin motoci don haka na san zancen ta ɓangaren cikin gida. Baban yara, ka ce yaranka uku, amma yawancin motocin da aka lissafa a nan mutum biyu suke ɗauka. T-bucket ko rufi babu. Ka yi tunani, kana kan hanya duk mako, ka dawo Asabar ka shige gareji, in motar ta tashi kuma ka fita kai kaɗai ko da yaro ɗaya sauran na leƙe ta taga. Ba a jima ake fara jin haushin motar a gidan. Me zai hana ka duba mai kujerar baya, irin Tudor ta Ford, wato sedan ɗinsu mai ƙofa biyu, ko sedan ta Chevrolet ta ƙarshen shekarun 1930? Sun ma fi araha don kowa ƙananan nan yake bi, coupe mai rufi da roadster marar rufi. Ka sa bel a kowace kujera, a ɗaure shi a ƙarfe mai ƙwari ba a falan katako ko faiba ba, motocin nan ba su zo da bel ba balle jakar iska.

Kuma dan Allah ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare tun yanzu, kuɗin da lokacin duka.

Ta ɓangaren aikina, kar ka yi mata inshorar mota ta yau da kullum, don in wani abu ya faru za su kimanta ta a matsayin tsohuwar mota kawai. Akwai kamfanoni irin su Hagerty da Grundy da ke yin wadda ku ke amincewa kan darajar motar tun farko a rubuta, in ta ƙone ko an sace wannan adadin za a biya. Yawanci za su so a ce tana kwana a rufaffen gareji kuma kana da wata motar ta zuwa aiki. In ma haɗawa ka zaɓa ka tambaya, ana yi wa motar da ba a gama ba, kar ka ɗauka inshorar gidan haya za ta biya maka kayan da ke jibge a gareji. Lambar motocin tarihi ta Ohio kuma, wadda ake ba motar da ta shekara 25, tana da sharaɗi, ta zuwa baje koli ce da makamantansu ba ta zirga-zirgar kullum ba, ka karanta kafin ka karɓa.

Ɗan_Fagge_Ohio:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wallahi maganar kujerar baya ta shige ni, babban ɗana shi ya fi ni zumuɗin abin nan ma. Ta Indiana na haƙura da ita tunda ku biyu kun haɗu a kai. Yaya Abu Sadiq maganarka ta bashi gaskiya ce, bazan kashe kuɗin duka a saye ba. Abin da nake tunani yanzu shi ne in nemi sedan mai tafiya wadda fentinta ya gaji, ta ƙasa da dubu 20, in ci gaba da gyara ta da kaina ina hawa. Malam, in na je dubawa me zan fi sa wa ido?

Bakanike_Houston:

Yawwa ƙanena, wannan tunanin ya yi, kuma ka ga ka samu abin da Abu Sadiq ke faɗa, don motar da ka sake wa birki da wayarin da kujeru da hannunka taka ce, za ka san ta ciki da bai.

Kafin ka taka ƙafa ka ce ya turo maka hoton takardar mallaka da hoton lambar da ke jikin motar, su zama ɗaya, sunan da ke takardar kuma ya zama na wanda zai karɓi kuɗinka. Ka duba da wace shekara aka yi mata rajista, don wata an rubuta ta a matsayin 1937, wata kuma a matsayin motar da aka haɗa a shekarar da aka gama ta, wannan na shafar daraja da irin lambar da za ka iya samu.

Ka ce masa kar ya tayar da ita kafin ka zo. Ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi, sannan a tayar, a nan ne za ka ji ƙwanƙwasa ko ka ga shuɗin hayaƙi in akwai. Ka bar ta tana aiki a tsaye kamar minti ashirin kana kallon agogon zafi, matsalar waɗannan motoci kenan, ƙaton inji a ƙaramin hanci da ƙaramin lagireto, a kan babbar hanya lafiya lau amma a go-sulo sai ta tafasa.

Kar kyan fenti ya ɗauke maka hankali, ka shiga ƙarƙashi da tocila, a can gaskiyar mota take. Walda mai kyau a jere take lafiya, in ka ga ta dunƙule-dunƙule a maƙalan aksul ko inda akwatin sitiyari ya zauna, ka yi sallama ka tafi ko nawa ya rage maka. Ka tafi da maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika. Ku da ke yankin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara tsatsa ce babbar abokiyar gabarku, in da hali ka nemo mota daga Arizona ko nan Texas ko da za ka biya kuɗin ɗauko ta. In Chevrolet ce ta kafin 1937 ka sani akwai katako da yawa a cikin bodinta, ka ɗaga ƙofa ka ji ko tana lilo, gyaran ruɓaɓɓen katakon nan aiki ne babba.

Birki, ka tabbata tukunyar mai biyu ce, gaba daban baya daban. Wasu tsoffin haɗi guda ɗaya suke da ita, tiyo ɗaya ya fashe shikenan ba birki ko kaɗan. In guda ce ba abin fasa ciniki ba ne amma shi ne aikinka na farko kafin yaro ya shiga motar. Ka bi tiyon mai ka ga bai kusanci salansa ba, ka leƙa ƙarƙashin dashbod ka ga akwai akwatin fis na kirki ba wayoyi a murɗe da salatif ba, gobara ta cinye irin waɗannan motoci da yawa. Tayoyi ka karanta lambar shekara a gefensu, motar da ke zaune a gareji tayarta na nan kamar sabuwa alhali ta haura shekara goma, irin wannan canzawa ake yi.

Sai ka tuƙa ta da kanka har kan babbar hanya. Ka ji ko tana fizgar sitiyari in ta taka gargada, ko tana jan gefe in ka taka birki. In giyar TH350 ce gudu uku gare ta, a mil 70 injin zai riƙa ihu yana shan mai, nan gaba kana iya musanya ta da 700R4 mai giya ta huɗu, wannan aikin kai da ka iya sauke inji za ka yi shi a garejinka. In a gaban motar an sa mata ƙafar motar Ford Mustang II kamar yadda ake yi wa sedan da yawa, ka duba yadda aka haɗa ta da casis sosai.

In ba ka gaggawa, ka jira taron NSRA, ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, na Louisville da ake yi farkon watan Agusta, daga Columbus tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna, motocin sayarwa da yawa a wuri guda, za ka san farashi da idonka ko ba ka saya ba. In ka samu wadda ta kwanta maka kafin nan, ka ɗauko hotunan ƙarƙashinta da na lambar casis ka sa a nan mu duba tare kafin ka ba da kafin alƙalami.